Baffana Mai Gaida Bango

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, ana gab da kiran azahar, Allah ya karɓi abinsa. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu yana zaune a kan bencin ƙofar gidansa a unguwar Glass, nan Libreville, buta a gefensa, ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Ya ɗan jingina da bango, shi ke nan.

Kafin la'asar gidan ya cika ya batse. Abin da ya ba ni haushi, kusan duk wanda ya shigo, tun kafin ya ce Allah ya jiƙansa, sai ya rage murya ya tambaya, "Wuta ce ta ja shi?" Tun Inna, matarsa, tana girgiza kai kawai, har ta gaji ta ɗago fuska daga cikin mayafi. Ta ce, "Shekara arba'in da ɗoriya yana taɓa wayar lantarki a garin nan, ko tabon ƙuna ɗaya babu a yatsansa. Don Allah ku daina ɓata masa aiki. Kwana ne ya ƙare." Daga nan ba wanda ya sake tambaya.

Ban san Baffa yana da jama'a haka ba. 'Yan Garwa masu shagunan yadi sun rufe sun zo. Teloli 'yan Nijar sun zo da guntayen zare a jikin rigunansu. Masu dako daga tashar jirgin ruwa ta Port Môle sun jeru a waje a jikin katanga. Wani attajiri daga Batterie IV, unguwar masu kuɗi, ya ajiye ƙatuwar motarsa a bakin layi, ya tako ta cikin taɓo da takalminsa mai sheƙi, ya tsaya a ƙofa ya rasa me ake cewa a gidan rasuwar Musulmi. Akwai kuma wata tsohuwa 'yar ƙasar nan, Kirista, mai sayar da kifi. Ta ari mayafi ta yafa, ta zauna a cikinmu tana kuka wiwi, tana ta maimaitawa da Faransanci wai yanzu wa zai zo ya taɓa mata bango. Kowannensu da yarensa, amma maganar ɗaya ce: "Akwai rubutunsa a bangona."

Ni kuwa ko ɗigon hawaye. Mata suna ta cewa, "Kai, 'yar nan tasa akwai tawakkali." Wane irin tawakkali! Kunya ce ta hana ni kuka. Da maigidana ya dawo daga maƙabarta ya ce min liman ya roƙi jama'a, duk wanda Baffa ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa, sai na ji kamar an sharara min mari. To wadda ita ce ta ɓata masa fa, wa za ta je ta roƙa? Wata bakwai kafin rasuwarsa na gaya masa wata magana a gaban mutane, ban janye ba, ban ba shi haƙuri ba, har aka sa shi a ƙasa. Ina rubuta wannan don kada a manta da irin mutumin da muka rasa, kuma don in faɗi laifina da bakina.

Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa Baffa bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" yake ce min tun ina cikin tsumma. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Inna, kuma da mahaifina ya rasu, shi ya taso tun daga nan har Kano ya yi min waliccin aure. Lokacin da zan biyo maigidana, jirgin ruwanmu ya makara da kwana biyu. Kwana biyun nan Baffa ya ajiye aikinsa, kullum ya tafi Port Môle ya wuni yana kallon ruwa. Na sauko ina jiri, ƙasa tana lilo da ni, ban san kowa ba, ban ji yaren kowa ba, sai na ji an ƙwala kira daga cikin 'yan dako, "Uwata! Ga ɗanki nan!" Dattijo da gemunsa, a bainar jama'a, ko a jikinsa. Ya fizge akwatina daga hannun mai dako ya ɗora a kansa.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka ba shi da ladabin shiga gidan mutane. In ya yi sallama aka amsa, ba ya zama. Sai ya bi bango yana ɗora bayan hannunsa a kan kowane soket, yana shinshina iska, ya leƙa bayan firiza, sannan ya dawo ya zauna ya ce, "To, bango lafiya. Ku kuma ina kwananku?" Yakan ce iskar garin nan gishiri ce da laima, tana cin waya a ɓoye, kuma waya ba ta kamawa da wuta sai ta fara yin ɗumi ta sanar. Wanda bai taɓa bangonsa ba ne kawai ba ya jin sanarwar.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Wanda ya fi ji da shi agogon awo ne mai ruwan ɗorawa, mai baki da ake maƙalawa a jikin waya, kullum a naɗe cikin wani tsohon ɗankwalin Inna. Sai fensir a soke a gefen hula. In ya gama aiki a gidanka, ko kana so ko ba ka so, sai ya nemi wuri kusa da mita ya rubuta lissafin gidan a jikin bango: abin da kowane kaya yake ci, da iyakar abin da wayar za ta iya ɗauka. Lambobin na boko ne, amma a sama yakan rubuta sunan wurin da ajami, "Shagon mai yadi", "Ɗakin teloli", "Gidan mai kifi". In mai gida ya yi fenti ya shafe, Baffa zai dawo ya sake rubutawa, kuma ba zai yi maka magana ba sai ya gama.

Kalmarsa ɗaya ce a duniya: "A tsaya a auna." Har sunan ya bi shi. Miji da mata in suka kawo masa ƙara, a tsaya a auna. Aka ce wane ya zagi wane a kasuwa, a tsaya a auna. Kuma in faɗi gaskiya, Baffa ba mutum ne mai sauƙi ba. Yana da nawa, yana da kafiya, aikin da wani zai yi maka kafin ka sha shayi shi sai ya wuni a kai, kana ta zufa yana ta ninka lambobi a hankali yana motsa baki. Mutane da yawa sun yi fushi sun kira wani, daga baya suka dawo suna sunkuyar da kai.

Attajirin nan na Batterie IV yana cikinsu. Ya ƙaro na'urorin sanyaya ɗaki, fis ɗin gidan ya dinga ƙonewa, ya ce Baffa ya sa masa babba kawai, ba ya so a fasa masa bango mai tayil. Baffa ya auna, ya ninka, ya nuna masa a takarda cewa wayar da ke cikin bangon ba za ta ɗauka ba. Mutumin ya ce shi ba malamin lissafi ya kira ba. Baffa ya naɗe agogonsa a ɗankwali, ya sa fensir a hula, ya tako da ƙafa har inda ake samun tasi. Bayan mako ɗaya aka aiko mota har ƙofar gida aka ɗauke shi. Me ya faru a tsakani? Oho. Baffa bai taɓa faɗa ba, in aka tambaye shi sai ya ce sirrin gidan mutane ne.

Ni ma ya so ya koya min, ni ce ba na tsayawa. Wata rana ya tarar ina guga, ya maƙala agogonsa a wayar dutsen gugar, ya ce, "Uwata, zo ki ga abin da ɗan ƙarfen nan yake ci."

Na ce, "Baffa, tuwona yana kan wuta."

"Ba zai gudu ba. Wutar garin nan bolt ɗari biyu da ashirin ce. Bolt shi ne ƙarfin da yake tunkuɗo ta. Kin ga agogo ya nuna biyar? Amper ke nan, yawan wutar da take bi ta cikin waya. To ninka min ɗari biyu da ashirin sau biyar."

Ni da nake sayar da zoɓo da ƙanƙara, ninki ba baƙona ba ne. Na ce dubu ɗaya da ɗari ɗaya.

"Madalla. Wat ke nan, cin dutsen gugarki. Yanzu raba ɗari biyu da ashirin gida biyar."

"Arba'in da huɗu."

"Om ke nan, turjiyarsa. Kowane kaya yana turje wa wuta gwargwadon halinsa. Mai turjiya da yawa kaɗan yake bari ta wuce. Wanda turjiyarsa ta yi kaɗan, shi ne mai haɗama, shi za ki ji wa tsoro."

Na ce, "To ni Baffa ina ruwana da turjiyar dutsen guga?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Gaskiyarki, ai kin fi shi." Muka yi dariya har tuwon ya kama.

Duk shekara in azumi ya gabato yana da zagaye. Ba wanda ya sa shi. Gida gida, shago shago, duk inda Bahaushe yake a unguwarmu, da ma waɗanda ba Hausawa ba, sai ya je ya taɓa bango, don ya san da azumi ne mata suke jona komai lokaci ɗaya. Azumin bana ciwon ƙafa ya tsare shi, bai iso gidana ba sai ranar biyar ga wata. Wannan jinkirin ne ya ba ni damar yin wautar da na yi.

Azumi shi ne kakar sana'ata. Firiza biyu gare ni, cike da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, masu shan ruwa a masallaci da 'yan kasuwa duk a wurina suke ɗauka. Ana gobe azumi na sayo wata ƙatuwar tukunyar lantarki don dafa ruwan zoɓo, saboda gas yana yawan yanke min. Ranar farko fis ya ƙone sau uku. Wata maƙwabciyata ta ce, "Ke dai kin cika wahalar da kanki," ta nuna min dabara: a cire siririyar wayar fis ɗin, a naɗa guntun jan ƙarfe mai kauri a madadinta. Na yi. Wuta ba ta sake ɗaukewa ba. Har ina yaba wa kaina, ina cewa ashe abin nan da Baffa yake ta ja mana rai a kai bai taka kara ya karya ba.

Ya shigo da hantsi yana ɗingishi. Ya yi sallama, ya bi bango yadda ya saba. Da ya kai soket ɗin da ke bayan kabad ɗin kayan yara, sai na ga ya janye hannu da sauri. Ya sake ɗorawa. Ya kai hanci. Ya wuce wurin mita, ya zare gidan fis ɗin, ya tsaya yana kallon jan ƙarfen da na naɗa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ce."

Ya mayar da fis ɗin na ɗan lokaci, ya maƙala agogo a wayar tukunyar, ya ce, "Amper goma. Ɗari biyu da ashirin sau goma, wat dubu biyu da ɗari biyu, ita kaɗai. Turjiyarta ashirin da biyu, rabin ta dutsen guga, shi ya sa take cin ninkinsa. Ki ƙara guga biyar, firiza biyu kowace ɗaya. Nawa ke nan?"

Bai jira ni ba, ya ba kansa amsa.

"Sha bakwai, Uwata. A kan tsohuwar wayar da goma ce iyakarta. Shi fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin gida. Kin hana shi ƙonewa, yanzu wayar cikin bango ce take ƙonewa, a bayan kayan 'ya'yanki."

Ya zare gidan fis ɗin ya jefa a aljihu, ya kwance wayar daga jikin mita. Ya ce yau babu wuta a gidan nan, sai gobe in ya canja waya.

Na ce to in cire tukunyar mana, a bar min firiza kawai. Ya ce robar wayar ta riga ta narke, ko ƙwan fitila ba zai bari a kunna ba. Na roƙe shi. Na ce ya dubi kayan da ke ciki, kafin magariba duk sun narke, zoɓo ya yi tsami, mutane suna jirana. Ya ce in rarraba a firizar maƙwabta. Wace maƙwabciya ce take da wuri a firiza da azumi? Ga ƙishirwa, ga zafi, ga mata sun fara leƙowa ta ƙofa, har da wadda ta koya min dabarar, ta yi tsit kamar ba ita ba. Muryata ta fara tashi. Ya ɗago hannu ya ce, "Uwata, yi haƙuri, a tsaya..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Allah ya yafe min, ga abin da na ce, ba zan rage ko harafi ba: "Kada ka ƙara ce min uwarka! Kai ka haife ni? Da kana da naka 'ya'yan da za ka ciyar, da ba ka yi min wannan muguntar ba."

Wata ta ce, "Subhanallahi." Baffa ya tsaya yana kallon ƙasa, leɓensa yana motsi kamar yana lissafi. Can ya ce, "To." Ya sa takalminsa ya fita yana ɗingishi.

Kayan sun narke kuwa, na zubar da zoɓo a kwata ina ta masifa ni kaɗai. Washegari da sassafe sai ga shi da nannaɗen sabuwar waya mai kauri a kafaɗa. Tsoho mai ciwon ƙafa, da azumi a bakinsa, ya wuni yana fasa bango. Ni kuwa na shige ɗaki na turo ƙofa. Maigidana ya shigo min da guntun tsohuwar wayar a tafin hannu, robar ta narke ta yi baƙi, jan ƙarfen a waje tsirara. Ya ce, "Dubi abin da muke kwana da shi." Na kau da kai. Na gani sarai, amma na kau da kai. Baffa ya ja wa tukunyar layinta daban da nata fis, ya gama bayan la'asar. Maigidana ya yi ta roƙonsa ya tsaya shan ruwa, ya ce Inna tana jiransa.

Da na fito na hango sabon rubutun fensir kusa da mita. Raina ya sake ɓaci, na ce wato har da barin min wa'azi a bango. Na ɗauko wata kalanda da aka ba maigidana a kasuwa, na kafa ƙusa na rataye a kai, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Daga ranar bai sake ce min Uwata ba. Bai yi gaba da ni ba, Baffa ba ya gaba. Yana zuwa, ya gaida bango, ya zauna, ya ce, "Sannu, maman yara." Duk sanda ya faɗa sai in ji kamar an tsikare ni da allura. Na dinga aika masa da dambu, da fura, da farfesun kifin da yake so, kwano yana dawowa a wanke. Ranar sallah na je na durƙusa a gabansa da niyyar in faɗa, maganar ta zo har bakina, sai na ji na ce, "Baffa, barka da sallah." Ya ce, "Barka kadai, Allah ya maimaita mana." Maigidana ya yi ta fama da ni, ina cewa ai ya san na yi nadama, sai na faɗa? Kullum ina cewa gobe.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'a ne, kwana huɗu kafin rasuwarsa. Ina cikin tasi a titin bakin ruwa, na hango shi a tsaye a gefen hanya da jakarsa, yana jiran mota, iska tana kaɗa masa riga. Akwai wuri a kusa da ni. Kalma ɗaya zan gaya wa direba ya tsaya. Na ce a raina ai a cikin tasi ba a yin irin wannan maganar, bari sai na je gida na same shi. Muka wuce.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gidan Inna ana dafa shayi da kunu saboda baƙi. Na zo wucewa da tire, ban san lokacin da na sunkuya na ɗora bayan hannuna a kan doguwar wayar da aka jawo daga ɗaki ba. Zafi rau. Tukwanen lantarki biyu aka jona mata. Na ajiye tiren na fizge ɗaya.

Wata 'yar Garwa ta ce, "Ke kuma lafiya? Maza suna jiran shayi a waje."

Na juya gindin tukunyar na nuna mata rubutun jiki. Na ce, "Wat dubu biyu da ɗari biyu. Ki raba da ɗari biyu da ashirin, amper goma ke nan. Biyu, ashirin. Wayar nan ta goma ce, ga shi an rubuta. Maza su jira. A gidan Baffa za ku tayar mana da gobara?"

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Daga cikin ɗakin da take takaba Inna ta kira ni. Na shiga na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Ashe kin iya. Ashe kina ji."

A nan kukan da ya ƙi zuwa kwana uku ya ɓalle. Na kifa kai a kan tabarmarta ina cewa, "Inna, na shiga uku, ya tafi bai yafe min ba."

Ta ce, "Wa ya gaya miki?"

"Bai ƙara ce min Uwata ba, Inna. Wata bakwai."

Ta ce, "Ke kika hana shi. Ranar da abin ya faru ya dawo ya zauna a nan inda kike, aka sha ruwa bai iya cin komai ba. Na ɗauki mayafi zan je in ci miki mutunci, ya ce in zauna. Ya ce uwarsa ce, in ta hana shi abu dole ya bari, har sai ta ɗage da kanta. Jira yake ki ɗage." Ta goge ido da gefen zane. "Maganar haihuwa kuwa, ni kika soka, ba shi kaɗai ba. Zan yafe miki, don ya roƙe ni, amma ba yau ba. Kada ki matsa min."

Na ce, "Na ji, Inna."

Sannan ta ce, "Duk ranar da ya je gidanki ya dawo, in na ce yaya mutanen gidan, sai ya ce, lafiya lau, kalandar dai tana nan."

Ban tsaya neman takalmina a cikin tarin takalma ba, na zura na wata na fito. Rana tana shirin yin sanyi na isa gida. Kalandar tana nan a kan watan azumi, ko shafi ɗaya ban taɓa juyawa ba, laima ta sa ta lanƙwashe. Na cire ta da ƙusar gaba ɗaya.

Rubutunsa ne, ƙanana, a jere tsaf. Firiza biyu, amper biyu. Guga, amper biyar, om arba'in da huɗu, wat dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Tukunya, amper goma, om ashirin da biyu, wat dubu biyu da ɗari biyu, layinta daban. A ƙasa ya ja layi ya rubuta, kada a jona komai tare da tukunya. A can sama kuma, inda yake sa sunan wuri, da ajaminsa mai kyau, wanda ya rubuta da azumi a bakinsa, kwana ɗaya tak bayan na ce masa bai haife ni ba, ni ina ɗaki na turo ƙofa: Gidan Uwata.

Na ɗora bayan hannuna a kan rubutun. Bangon da sanyinsa, lafiya lau. Na ce da ƙarfi, ni kaɗai a tsakar gida, "Na ɗage, Baffa. Na ɗage. Kira ni." Ba abin da ya amsa sai ƙugin firiza.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya tsare gidajen bayinka daga wutar duniya iyakar ƙarfinsa, ka tsare shi daga ta lahira. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa, ka haɗa shi da uwarsa ta gaskiya wadda ba ta taɓa gaya masa baƙar magana ba. Ka ba Inna haƙuri, ka sanyaya zuciyarta a kaina. Ku kuma jama'a, duk wanda yake da rubutun Baffa a bangonsa, in zai yi fenti don Allah ya kewaye wurin, yanzu ba mai dawowa ya sake rubutawa. Mai gidan da muke haya ya aiko wai zai yi mana fenti bayan damina. Na riga na gaya masa ya shafe ko'ina, amma wurin nan kusa da mita, sai dai in bayan raina.